Madafar Turai

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a Dutsin-Ma ya san shagon Malam Sodangi kafinta. Ko bai san sunansa ba ya san tarinsa, domin tun daga bakin titi ake jin sa yana kakarin garin katako. Dogo ne siriri, mai ɗan doro irin na waɗanda suka ƙare rayuwarsu a sunkuye kan benci, kuma fensir ba ya barin bayan kunnensa, har masallaci da shi yake zuwa. Magana kuwa sai ka ce sayenta yake yi. Idan ka kawo masa aiki ka yi ta zuba bayani, zai saurare ka har ka gaji don kanka, sannan ya ce, “To.” Da wannan “to” ɗin an gama ciniki, an kuma sallame ka.

A Barkiya aka haife shi, gidan manoman gero. Yana ɗan saurayi mahaifinsa ya lura yaron nan ya fi son gyara ƙotar fartanya a kan yin noma da ita, sai ya kai shi Kurfi wajen wani tsohon kafinta, tunda dai a gona tare wuri kawai yake yi. A can ya koyi riƙon zarto da guduma. A can kuma ya ga Turai, 'yar maƙwabcin maigidansa, wadda take kawo fura shagon da rana. Ita gajeruwa ce, ga faɗa ga dariya, bakinta ba ya hutawa. Da aka ɗaura aure mutanen unguwa suka ce an yi daidai, ai ita za ta riƙa yi musu maganar su biyun. Ba su daɗe ba suka tattaro suka dawo Dutsin-Ma, inda kasuwa ta fi faɗi.

'Ya'ya Allah ya ba su, ya kuma karɓi abinsa, har da Hassana abokiyar tagwaicin Huseina. Huseina kaɗai ta tsaya. Ta yi karatu, ta zama malamar firamare, aure ya mayar da ita Kurfi, tana can da mijinta da yaranta.

Shekaru masu yawa aikin Sodangi bai wuce gadon amarya da ƙofa da kabad ɗin jeren kwanoni ba, kuma ya ishe shi. Sai aka kawo jami'a garin, gidaje suka fara tashi ta hanyar Zobe da bayan gari, kowanne da kicin na zamani da banɗaki a cikin ɗaki. Matan malamai suka fara zuwa shagonsa da hotuna a waya, suna cewa irin wannan suke so, durowa a nan, kabad a sama, wurin wanke-wanke a can. Hannunsa ya iya, wannan ba a magana. Inda ake samun matsala shi ne idan suka ce ya nuna musu yadda abin zai fito. Sai ya jawo guntun katako, ya zaro fensir ya ja layi huɗu biyar, ya miƙa musu. Su duba, su juya shi sama ya koma ƙasa, su ce za su dawo. Da yawansu har yau ba su dawo ba.

Shagon da ke manne da nasa na Justina ne, wadda kowa ke kira Maman Sylvia. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, aikin mijinta ya kawo su garin tun tana amarya, ta buɗe wurin zanen gine-gine da buga takardu. Ta sha gaya masa, “Baba, ka nemi manhajar zane mana. Ka zauna in koya maka a kwamfutata, mata su ga kicin ɗinsu tun ba a sayi katako ba.” Yakan ce mata, “To.” Amma ita ta zauna kusa da shi ta daɗe, ta san “to” ɗinsa iri biyu ce, kuma wannan ta a'a ce.

Ga wani abu kuma da wanda ba ɗan nan ba zai yi mamakinsa. Mutumin da ya kafa kicin a gidajen mutane bai taɓa sa ƙafarsa a madafar gidansa ba. Tana nan a kusurwar tsakar gida, ɗan ɗaki mai gajeriyar ƙofa wanda hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin, shekara arba'in da wani abu yana wuce ta safe da yamma. A gidan da ya tashi namiji ba ya leƙa tukunya, wanda ya leƙa kuwa ya sha gori har tsufansa. Turai ma ba za ta yarda ba. Abinci yakan iso gabansa a rufe, ya buɗe ya ci, ya yi hamdala, ya tura kwanon gefe. Yadda aka yi ya dahu bai taɓa zama matsalarsa ba.

Bara da damina Turai tana tankaɗe a tsakar gida sai rariya ta suɓuce daga hannunta. Hawan jini ne, wanda ta daɗe tana raina maganinsa. Aka kai ta asibiti a Katsina ta yi makonni. Ta dawo da ranta da bakinta, an gode Allah, amma hannun hagu ya tafi ke nan, ƙafar hagun kuma sai ja. Da sanda takan taka daga ɗaki zuwa inuwar darbejiya. Doguwar tsayuwa kuwa likita ya ce a manta da ita.

Huseina ta zo ta zauna jinya, ta karɓi girki. Da farko Turai daga inda take zaune take jefa umarni, an cika kanwa, wutar ta yi yawa, wa ya ce a taɓa mata wannan tukunyar. Sodangi yana jin faɗan daga zaure hankalinsa kwance, tunda mai faɗa yana da sauran ƙarfi. Sai faɗan ya fara raguwa, har ya ɗauke gaba ɗaya. Ta koma ta zuba wa ƙofar madafar ido, a kawo abinci ta taɓa ta ture. Wannan shirun ya fi ranar asibiti tayar masa da hankali.

Wata safiya Huseina ta same shi a zaure ta durƙusa. Ta ce, “Baba, hutun makaranta in ya ƙare dole in koma. Na yi magana da maigidana, zan tahi da Inna Kurfi ta zauna wajena. Nan wa zai dafa, wa zai dube ta in kana shago?”

Ya ce, “Ita mi ta ce?”

“Ita ta fara kawo maganar. Ta ce macen da ba ta iya ɗora tukunya mi take tsarewa a gidan miji.”

Maganar 'yarsa babu inda za a kushe ta. Haka ake yi, 'ya ta ɗauki uwarta ta yi jinyarta, kowa ya sa mata albarka. Kurfi kuma ba bangon duniya ba ne. Amma Sodangi ya san irin wannan tafiyar, ba a cika dawowa daga ita ba. Za ta zama baƙuwa a ɗakin jikoki, shi kuma ya zama mai zuwa gaisuwa ranar Juma'a. Ba ya so. Tun da yake a duniya bai taɓa ƙin wani abu kamar yadda ya ƙi wannan ba. Sai dai ta ina dattijo mai furfura zai fara gaya wa 'yar cikinsa cewa ba zai iya zaman gidan nan babu uwarta ba? Ya dubi ƙasa ya ce, “To.”

Da ya isa shago ya zauna bai taɓa ko ƙusa ba. Tunaninsa na kafinta ne, in abu ya lalace sai a nemi inda za a gyara. Tunda girki ne zai raba shi da matarsa, to girkin za a gyara. Kafin azahar ya tashi ya shiga shagon Justina, abin da bai saba yi ba sai in aron kujera ya kawo shi.

Ya ce, “Maman Sylvia, abin nan da kike hwaɗa. Nuna mani.”

Ta ɗago ta dube shi sosai, ta ga idonsa, ba ta yi masa tsiyar da ta shekara tana tanadi ba. Ta jawo masa kujera. Ya gaya mata a gajarce cewa madafa zai yi wa Innar Huseina, kuma yana so ta gani da idonta tun kafin a fara, ko za ta fasa tafiya.

Manhajoji uku ta buɗe masa. Ta farko abin kallo ce. Kana taɓa ta sai ga kicin ya fito cikakke, kabad masu sheƙi, fitilu a ƙarƙashinsu, har da kwandon lemo a kan kantar girki da hasken rana yana shigowa ta taga. Ba ka da aiki sai zaɓen launi. Ta biyu ta manyan masana'antu ce, takan lissafa yadda za a yanka kowane katako ba tare da asara ba, amma ba ta motsi sai da intanet, intanet ɗin Dutsin-Ma kuwa kowa ya san halinsa. Ta uku ba ta da wani fasali, farin fili ne kawai da layuka, komai sai ka zana da kanka ka ba shi awonsa.

Justina ta ce, “Ni da ta ukun nake aiki. Tana da wuyar sha'ani da farko, amma…”

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya sa yatsa a kan ta farkon. Layi da fensir ai shi ne ya kore masa mata daga shago, ba zai kai wa matarsa layi ba. So yake Turai ta gani numfashinta ya ɗauke.

Kwana da kwanaki yana zuwa bayan azahar. Hannun da ya saba da guduma ya sha wahala da ɗan abin tura kibiyar nan, yana danna shi kamar zai kafa ƙusa, Justina tana cewa, “A hankali Baba, ba katako ba ne.” Amma ya koya. Ya zaɓi launin ƙasa-ƙasa saboda ba ya nuna datti, ya jera kabad tun daga ƙasa har rufi, ya sa murhun gas mai kai huɗu, ya sa wurin wanke-wanke da famfo. Kicin ɗin da ya fito babu matar malamin jami'ar da aka yi wa irinsa. Justina ta buga masa shi a babbar takarda mai launi, ita ma ta yaba, domin ita ma kyan ne ya ɗauke mata hankali.

Bayan la'asar ya shiga gida da takardar a naɗe. Turai tana kan tabarma a inuwa, ta jingina da bango. Ya tsuguna ya warware mata a kan cinya, kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa.

Ta daɗe tana kallo. Ta bi kabad ɗin da yatsan dama har sama. Ta ce, “Masha Allah. Gidan wa za a yi wa wanga?”

“Naki ne, Innar Huseina. Nan zan yi shi, in rushe waccan.”

Ba ta yi murna ba. Fuskarta ta sauya, ta naɗe takardar da hannu ɗaya a hankali don kada ta yage, ta miƙa masa.

Ta ce, “Ya yi kyau, Malam, Allah ya saka. Amma wagga madafa ta mai ƙafa biyu ce da hannu biyu. Dubi inda tukunya take, sai an tsaya. Dubi inda kwanoni suke, sai an yi miƙa. Jira kaka yi in warke? Abin da likita ya gaya maka shi ya gaya mani. Matar da za ta tsaya a nan ba za ta dawo ba. Wadda ta rage ita ce wagga da kaka gani.”

Ta juya fuskarta ga bango. Da yamma ya ji tana gaya wa Huseina ta fara haɗa mata kayanta.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya san ba ta zalunce shi ba. Ya so ya faranta mata, sai ya zana mata duk abin da ta rasa, da launi, ya ɗora mata a cinya.

Washegari tun kafin Justina ta gama shara yana bakin shagonta. Ya ce a sauko da kantar ƙasa, daidai mai zama. Suka buɗe kyakkyawar manhajar. Suka ja kantar ƙasa, ta ɗan sauko kaɗan ta tsaya. Suka sake ja, ta koma inda take. Waɗanda suka ƙirƙire ta ba su taɓa tunanin akwai macen da ke girki a zaune a kan kujera 'yar tsugunno ba, don haka ba su bar wa irinta wuri ba. Manhaja ta biyun ta yarda a sauya awo, amma kafin su kai ko'ina intanet ya ɗauke, ta daskare tana ta juya ɗan zobenta.

Sodangi ya yi tsaki, ya ce, “Buɗe mummunar.”

Ta buɗe. Ta ja layi, ta ce masa ga kantar nan, ko a ƙasa yake so kantar ta kwanta za ta kwanta. Akwai ma ɗan hoton mutum a ciki da ake iya zaunar da shi, a miƙe masa hannu a ga iyakar inda zai kai. Sai ta ɗora yatsu a kan madannai ta ce, “To Baba, ba ni awo. Tsawon kujerarta nawa? In ta zauna, hannunta na dama ina yake kaiwa? Ta wane gefe take aje gishiri? Ruwa fa?”

Ya san faɗin ƙofar kusan kowane gida a unguwarsu da ka, amma bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Justina ta yi murmushi, ba na raini ba. Ta ce, “Ni ma laifina ne, tun farko ya kamata in tambaya. Amma ba ni ke da amsar ba, Baba. Mai amsar tana gida.”

Ranar nan aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Malam Sodangi ya tsaya a ƙofar madafar gidansa da tef ɗin awo a hannu, har da yin sallama, alhali babu kowa a ciki. Ya sunkuya zai shiga, bai sunkuya sosai ba, goshinsa ya daki azarar ƙofar, hularsa ta faɗo cikin toka.

Daga inuwar darbejiya aka ji dariya. Dariyar Turai ce, ta ɗan karkace saboda ciwon, amma ita ce.

Ta ce, “Mi kaka nema a nan, Malam? In maƙwabta suka gan ka ina za mu sa kanmu?”

Ya kakkaɓe hular ya ce, “Nuna mani za ki yi. Ban san komi ba a nan.”

Huseina ta kamo ta suka zo, aka zaunar da ita a kan kujerarta da ta yi watanni ba ta hau ba. Tana zama sai hannunta na dama ya tafi da kansa wajen wani gurbi a bango inda kwalbar gishiri take. Ya auna. Ta nuna masa inda muciya ke jingina, inda daddawa ke ɓuya saboda ɓera, inda take aje ludayi don kada ya taɓa ƙasa. Ya ce ta miƙa hannu iyakar iyawarta. Ta miƙa, ya ɗora bakin tef a kafaɗarta ya ja har ƙarshen yatsunta, ita tana kallon gefe saboda kunya, shi ma yana kallon lambobin kamar bai taɓa ganin lamba ba. Huseina ta ƙirƙiri wani aiki ta bar wajen.

Kashegari Justina ta rufe shago ta ɗauko kwamfutarta ta zo gidan. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar madafa. Ta nuna wa Turai manhajojin duka uku, don dai a yi adalci. Turai ta sake kallon mai kwandon lemon, ta taɓe baki. Da aka zo kan ta ukun, ta ga an zaunar da ɗan mutumin nan a kan guntuwar kujera, sai ta matso.

“Wanga ni ce?”

“Ke ce, Mama.”

“An rage mani ƙiba. To juya ta ta kalli ƙofa, ni ban girki ina bai wa ƙofa baya, sai in ga mai shigowa.”

Aka juya ta. Daga nan Turai ta karɓi ragamar aikin. Ta ce a cire duk kabad ɗin sama. Ta ce ba ta son murfi a na ƙasan ma, mai hannu ɗaya ba ya riƙe murfi ya kuma ɗauki kwano, a sa labule. Gas ta yarda da shi don shayi da ɗumame, amma tuwo a kan gawayi za a yi, a gina wa murhun gurbi a gabanta, a lulluɓe katakon da ke kusa da shi da kwanon rufi saboda wuta. Famfo ya zo dama. Duk abin da ta faɗa Justina ta ja layi, ya zauna inda aka ce. Har banɗaki suka leƙa a cikin zanen, aka sa benci da ƙarfen dafawa a bango. Sodangi yana gefe da fensir yana faɗin kaurin katako, wani lokaci ya karɓi kwamfutar ya ja layin da kansa.

Turai ta dube shi ta ce, “Wagga mummunar ita za ka riƙe, Malam. Ta fi jin magana.”

Da wannan manhajar ya zauna, da ita yake aiki har yau, matan malamai ma sun saba da ita tunda sun ga ana tambayarsu yadda suke girki kafin a ja layi.

Bai rushe tsohuwar madafar ba. Ya ɗaga ƙofarta, ya fasa taga, aka yi mata siminti da farar ƙasa. Sauran aikin shi kaɗai ya yi, bai bar kowa ya sa hannu ba. Kowane gefen katako sai da ya goge shi har ya yi santsi, saboda ya san a nan za ta riƙa dafawa in za ta tashi. Amma duk kwanakin nan ba wanda ya ce an fasa tafiya. Jakar Turai tana nan a ɗaure a bakin gado. Shi yana ganin aikin zai yi magana a madadinsa, ita kuma ta ce sai ta gwada tukuna.

An gama aikin ana gobe makarantu za su koma. Da hantsi mijin Huseina ya aiko mota daga Kurfi, direban ya ce gara a kama hanya da sauran rana. Turai ta ce ya jira, tuwo za ta tuƙa.

Ta shiga da sandarta, ta dafa kantar ta zauna ba wanda ya taimaka mata. Ta murɗa famfo ta tari ruwa. Ta jawo labule ta ɗauko garin dawa. Komai yana inda hannunta ke zuwa. Ta yi talge, ya dahu yana ɓulɓula, ƙamshinsa ya cika tsakar gida. Sodangi da Huseina suna tsaye a bakin ƙofa ba mai ko tari. Ta zuba gari, ta ɗauki muciya, ta danna.

Tukunyar ta juya.

Ta sake dannawa, tukunyar ta bi muciyar ta sake juyawa, ta karkace kamar za ta kife. Tukunyar mutum biyu ƙarama ce, dole sai an riƙe ta ake tuƙawa. Hannun hagu ne yake wannan aikin tun tana yarinya, ba tare da an ce masa ya yi ba, shi ya sa ko ita kanta ba ta tuna da shi ba ranar zane. Ta gwada tokarewa da gwiwa, zafi ya kore ta. Ta yi ta fama, gumi yana zuba, garin yana dunƙulewa. Da Huseina ta yunƙura za ta shiga, ta daka mata tsawa. A ƙarshe ta saki muciyar ta leƙa tukunyar. Gudaji ne fal, irin tuwon da ko 'yar koyo za ta ji kunyar fitarwa.

Hawaye suka zubo mata. Ta share da gefen zane ta ce, “Shi ke nan. Ka yi iya yinka, Malam, Allah ya gani. Huseina, ɗauko mani mayafina da jakar.”

Huseina ta tafi ta ɗauko, ta dawo ta tsaya da jakar a hannu.

Sodangi ya ga cewa katako ya ƙare masa. Babu sauran abin aunawa, babu abin gogewa. Zai iya cewa gobe zai sa maƙeri ya yi wa tukunyar zobe, kuma gaskiya ne, amma mota yau take ƙofar gida. Ya shiga madafar ya durƙusa a gabanta a kan sabon simintin, gwiwoyinsa suna ƙara.

Ya ce, “Turai.”

Ta ɗago da sauri. Rabon da ya kira ta da sunanta tun kafin a haifi Huseina.

“Ni ba tuwo nika so ba. Ko ba ki ƙara ɗora tukunya ba har abada, kar ki tahi. Ban iya zaman gidan nan ba ke.”

Huseina ta aje jakar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi zaure da sauri tana kuka. Ba a yi 'yar da za ta tsaya ta ji wannan daga bakin ubanta ba.

Turai ta dube shi. Sai ta fito da faɗa, yadda ta saba.

“To mi ya hana ka hwaɗa tun ranar da aka kawo maganar? Ka bar ni ina ta ɗaure kaya, kai kana can kana wahal da ɗiyar mutane da kwamfuta! Ni na ɗauka nauyi na zame maka.”

Ya ce, “Kunya.”

“Kunya! Da furfurarka.” Ta ja hanci, ta ɗaga murya. “Huseina! Mai da jakar nan ɗaki, ki ba mai mota haƙuri, ke kaɗai zai ɗauka.” Sannan ta ɗauki muciyar ta nuna masa tukunyar da haɓa. “Kai kuma riƙe mani nan, ko za a ceci wani abu.”

Ya kama tukunyar da hannu biyu haka nan, domin bai san ana sa tsumma ba. Ta ƙone shi, bai saki ba, Turai ta ci gaba da tuƙi.